Yadda ake tsara gwajin saikoloji, daga tambaya har zuwa sakamako

Ɗalibanmu masu karanta saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, a Legas, ko a Akoka ne, ko a Ojo, ko masu bin Buɗaɗɗiyar Jami'a suna zaune a shagunansu na Agege da Idi-Araba, kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe idan an zo furojet ɗin ƙarshe. Babi na ɗaya da na biyu sai ka ga sun yi kyau, domin akwai littattafan jingina. Da an iso babi na uku, inda mutum zai faɗi yadda ya gudanar da binciken, sai a kwaso na wani a canza sunan unguwa. Nan kuwa ake gane wanda ya san abin da yake yi. Malamin da zai tsare ka da tambayoyi ranar kare aiki abu uku yake nema: me ka taɓa da hannunka, me ka auna, kuma ta yaya ka tabbatar ba wani abu dabam ne ya haifar da abin da ka gani ba.

Tambaya ɗaya za mu bi tun daga farko har ƙarshe, wadda duk mazaunin garin nan ya san ciwonta: shin ƙarar janareto tana rage wa mutum ƙarfin hadda? Kai sai ka cire ta ka sa taka, matakan ba su canzawa.

Mataki na 1: Matse tambayar har ta zama abin gwadawa

"Hayaniyar Legas tana lalata ƙwaƙwalwa" ƙorafi ne na teburin mai shayi. Ba ya gwaduwa, domin ba a faɗi wace hayaniya ba, ƙwaƙwalwar wa, kuma mene ne lalacewar. Sai ka yi ta datse shi har ya koma haka: a cikin ɗaliban aji biyu na babbar sakandare, waɗanda suka haddace jerin kalmomi 20 ana jin ƙarar janareto ba za su tuna kalmomi da yawa kamar waɗanda suka haddace a ɗaki shiru ba. Wannan shi ne hasashenka. Hasashe mai kyau yana iya faɗuwa, wato tun yanzu za ka iya cewa "in sakamako kaza ya fito, to maganata ba daidai ba ce". In babu sakamakon da zai iya ƙaryata ka, ra'ayi kake rubutawa.

A ƙarƙashinsa ka rubuta kishiyarsa, hasashen "babu bambanci". Shi ne lissafinka zai gwada daga baya.

Mataki na 2: Zaɓi hanyar da za ta iya amsa tambayar

In an dunƙule hanyoyin bincike a fannin nan, huɗu ne. Akwai lura, inda za ka zauna, a ce a tashar Oshodi, kana rubuta yadda mutane ke bin layi ba tare da ka sa baki ba. Akwai nazarin mutum ɗaya a tsanake, irin wanda aka yi wa Henry Molaison, Ba'amurken da aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, ya farka ba ya iya riƙe sabon abu, masana suka shafe shekaru kusan 50 suna koyon yadda tunawa ke aiki daga gare shi. Akwai takardar tambayoyi, wadda ɗalibai suka fi so don tana da sauƙi. Sai kuma gwaji.

Ukun farko suna nuna maka abin da ke faruwa da abin da ke tafiya tare da wani. Gwaji ne kaɗai yake ba ka damar cewa wannan ne ya jawo wancan. A ce ka raba takardar tambayoyi ga masu zuwa aiki cikin tsibiri kullum, ka tarar waɗanda suka fi daɗewa a gosulo su ne suka fi kukan damuwa. Gosulo ne ya jawo? Mai yiwuwa. Amma wanda ke tasowa daga Ikorodu ko Sango tun kafin asuba, galibi tsadar haya ce ta tura shi can, don haka damuwar tasa ta iya zama ta aljihu. Yana kuma yiwuwa mai damuwa ya fi jin tsawon hanya, in an tambaye shi awa nawa yake yi sai ya ƙara. Takardar tambayoyi ba za ta raba maka waɗannan ukun ba, ko mutum dubu ka ba wa.

Tsakanin nan da gwaji akwai abin da za mu kira rabin gwaji, inda yanayi ne ya raba mutane ba kai ba. A 1975 Arline Bronzaft da Dennis McCarthy sun duba wata firamare a birnin New York da jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta duk bayan 'yan mintuna. Yaran azuzuwan ɓangaren layin dogo sun kasance a baya wajen karatu, 'yan aji shida kusan da shekara guda, a kan 'yan uwansu na ɗaya ɓangaren ginin. Da aka shimfiɗa roba a layin, aka sa wa azuzuwan silin mai shanye ƙara, aka sake aunawa, sai bambancin ya ɓace. A Jamus kuma, lokacin da aka rufe tsohon filin jirgin saman Munik aka buɗe sabo a 1992, masu bincike sun auna yaran unguwannin biyu kafin da bayan ƙaurar: na kusa da tsohon filin suka inganta a karatu da tunawa, na kusa da sabon suka ja baya. Irin wannan hujja ce mai nauyi, sai dai tana cin shekaru da kuɗi. Ɗalibi mai zango ɗaya a hannu, ƙaramin gwaji ya fi masa.

Mataki na 3: Kira kowane abu mai sauyawa da sunansa

Abu mai sauyawa shi ne duk abin da zai iya bambanta daga mutum zuwa mutum ko daga yanayi zuwa yanayi: shekaru, zafin ɗaki, yawan barci, maki. A gwaji, biyu ne a gaba.

Na farko shi ne abin juyawa, wanda littattafan Turanci ke taƙaitawa da IV. Shi ne kai mai bincike kake kunnawa kana kashewa. A namu, ƙara ce. Dole ya kasance da matakai aƙalla biyu: akwai ƙara, babu ƙara. Waɗanda za su ji ƙarar su ne rukunin gwaji, waɗanda ba za su ji ba su ne rukunin kwatance. In babu rukunin kwatance, babu gwaji. Yaro ya tuna kalmomi 11 cikin ƙara, to sai me? Sai ka san nawa irinsa yake tunawa a shiru kafin 11 ɗin ta yi ma'ana.

Na biyu shi ne abin aunawa, DV ke nan, wato inda kake sa ran ganin tasirin. A namu, adadin kalmomin da aka tuna.

Ɗalibai kan rikita su. Hanyar rabewa: tambayi kanka wanne ne yake hannunka tun kafin mutane su shigo ɗakin, wanne ne kuma sai sun fita za ka san shi. Jinsi, ƙabila, shekaru, ko unguwar da mutum ya taso ba sa cikin abin juyawa na gaskiya, domin ba kai ka raba su ba. Kana iya kwatanta maza da mata, amma rabin gwaji ka yi, kuma ba ka da hurumin cewa jinsi ne sanadi.

Sai aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: fayyace yadda za a auna kowanne, dalla-dalla, yadda wani a Kano zai karanta ya maimaita ba tare da ya kira ka a waya ba. "Ƙara" ba ta isa ba. Ka ce: sautin ƙaramin janareto da aka ɗauka a waya, ana kunna shi ta sifika, ƙarfinsa desibel 70 (ma'aunin ƙarfin sauti) idan an auna daga tsakiyar ɗakin. Akwai manhajojin auna sauti a waya. Ba su kai na'urar ƙwararru ba, amma in waya ɗaya ka yi amfani da ita a duk zaman, ta wadatar, ka dai faɗi hakan a rubutunka. Don ka san inda kake, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar cikin aji ta wuce desibel 35 lokacin darasi, kuma daga desibel 85 ne ake fara tsoron lahani ga kunne in an daɗe ana ji. Kada ka kusanci 85. "Hadda" ma haka: minti 3 na kallon jerin, minti 2 na ƙidaya da baya don kada a yi ta nanatawa a zuci, sannan minti 2 na rubuta abin da aka tuna. Ka yanke tun yanzu ko kuskuren rubutu zai ci maki ko a'a.

Harshen gwajin ma ma'auni ne. A 1980 Ellis da Hennelly sun gano cewa masu jin harshen Welsh da Turanci sun fi riƙe jerin lambobi da Turanci, saboda lambobin Welsh sun fi cin lokaci a baki. Lambobin Hausa daga ɗaya zuwa tara duk gaɓa biyu-biyu ne, na Turanci kuwa kusan duk gaɓa ɗaya. Wanda ya gwada 'yan Zango da lambobin Hausa ya kwatanta makinsu da teburin littafin Amurka, tsawon kalma ya auna, ba kaifin ƙwaƙwalwa ba.

Mataki na 4: Farauto 'yan kutse

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ɗan kutse shi ne duk abin da ya bambanta rukunonin biyu bayan abin da ka juya, ya shiga sharo ba shanu. In ya samu shiga, sakamakonka na iya fitowa da kyau a takarda amma ba ka san na wane ne ba.

Fara da abin da ya fi zuwa zuciya: a ta da janareto na gaske a bayan taga. Kada ka yi. Janareto na gaske yana zuwa da hayaƙi da warin fetur, kuma yawanci ana ta da shi ne in an ɗauke wuta, lokacin da ɗaki ya riga ya ɗau zafi. In yaran suka kasa, ƙara ce, ko hayaƙi, ko gumi? Shi ya sa muka ce sautin da aka ɗauka a waya. Sifikar ma ta kasance a ɗakin ga rukunonin biyu, a kashe ga masu shiru, don kada ganinta kaɗai ya zama bambanci.

Sai lokaci. In rukunin shiru ya yi nasa da ƙarfe tara na safe, rukunin ƙara ya yi bayan azahar cikin yunwa, ka gwada safiya da rana ne. In watan azumi ne, ko Litinin da Alhamis da wasu ke azumin nafila, abin ya ƙara tsanani. Ka yi zaman biyu kusa da juna, a ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, jerin kalmomi ɗaya, mai ba da umarni ɗaya. Ka kuma duba abin da ke wajen ɗakin: makarantar da ke Agege ko Mafoluku tana ƙarƙashin hanyar jiragen Ikeja, kuma "ɗaki shiru" da jirgi ya ratsa ta samansa ba shiru ba ne. Ka ajiye littafi ka rubuta duk abin da ya faru a kowane zama.

Akwai ɗan kutsen da ba za ka same shi a littafin Turawa ba, amma a wajenmu shi ne babba: haddar Alƙur'ani. Yaron da ya yi tsangaya, ko ya haddace izu 20 a Islamiyya, ya saba riƙe karatu cikin ɗaki mai cike da muryoyi, kowa na rera nasa allon. In irin waɗannan suka taru a rukunin ƙara, za ka iya samun sakamako cewa ƙara ba ta komai, ko ma tana taimako. Ka tambayi kowa izu nawa ya haddace tun kafin rabo, ka ajiye amsar. Za mu yi amfani da ita a mataki na gaba.

Wani kuma mai wuyar gani. A ce rukunin ƙara ya haddace cikin ƙara, ka kashe sifika lokacin rubutawa. Yanzu su yanayinsu ya canza tsakanin koyo da tunawa, na rukunin shiru kuwa bai canza ba. A 1975 Godden da Baddeley sun sa masu nutso su haddace kalmomi a ƙarƙashin ruwa ko a tudu, suka ba da rahoton cewa an fi tunawa a wurin da aka koya. In kana da mutane isassu, ka yi rukuni huɗu: koyo a shiru tunawa a shiru, koyo a shiru tunawa a ƙara, koyo a ƙara tunawa a shiru, koyo a ƙara tunawa a ƙara. In ba ka da su, ka bar ƙarar a kunne har ƙarshe, ka faɗa a fili cewa ba ka raba tasirinta a kan koyo da tasirinta a kan tunawa ba.

Mataki na 5: Bar ƙuri'a ta yi rabo

Komai ƙoƙarinka ba za ka iya lissafa duk bambancin da ke tsakanin mutane ba: wanda ya kwana yana sayar da kaya a Mile 12, wanda aka yi wa faɗa a gida da safe, mai ciwon kunne da bai sani ba. Maganinsu ɗaya, wanda Ronald Fisher ya kafa a shekarun 1920 yana aikin gwajin gonaki a Rothamsted ta Ingila: rabo da ƙuri'a. Ƙuri'a ba ta kawar da bambance-bambancen, tana watsa su ne a rukunonin biyu yadda ba za su taru a gefe ɗaya ba sai bisa tsautsayi, tsautsayin kuma lissafi ya san yadda zai auna shi.

Ka ba kowa lamba. Ka rubuta lambobin a 'yan takardu masu girma ɗaya, ka ninke, ka zuba a kwano, wani ya riƙa ɗebowa: ta farko ƙara, ta biyu shiru, har su ƙare. A Excel ma ana yi da umarnin RAND, sai a jera sunayen bisa lambobin da ya fitar. Game da mahaddata, ka jera su bibbiyu masu izu kusan ɗaya, ka jefa kwabo a kan kowane biyu.

Abin da ba ƙuri'a ba: malamin aji ya zaɓo maka, ko 'yan gaba da 'yan baya, ko aji A da aji B, ko waɗanda suka riga zuwa. Duk waɗannan akwai dalilin da ya raba su tun kafin ka zo.

Akwai wata hanya, kowa ya yi duka biyun, shiru da ƙara, ya zama shi ne abin kwatanta kansa. Tana rage yawan mutanen da kake bukata. Kuɗinta shi ne jerin kalmomi biyu masu wahala ɗaya, da kuma matsalar jeri: a karo na biyu mutum ya gane wasan, ko ya gaji. Sai rabi su fara da ƙara, rabi su fara da shiru, jerin kalmomin ma a riƙa musanya su.

Mataki na 6: Su wa, kuma mutum nawa

Rabon ƙuri'a dabam, zaɓen samfuri, wato mutanen da za ka gwada, dabam. Na farko yana ba ka ikon maganar sanadi, na biyu yana faɗin su wa maganar ta shafa. Wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a Mile 12 ya san na sama ba sa ba da labarin na ƙasa. A 1936 wata mujallar Amurka, Literary Digest, ta tattara amsoshi fiye da miliyan 2 ta yi hasashen Alf Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa takarda ta samo su ne galibi daga littafin masu tarho da rajistar motoci, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya.

Fannin namu kansa yana da wannan ciwon. Wani nazari na 2008 da Jeffrey Arnett ya yi a kan manyan mujallun saikoloji ya nuna kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka gwada Amurkawa ne, kuma kashi 96 daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Sashen saikoloji na farko a Najeriya an buɗe shi a Nsukka a 1964, amma har yau abin da aka auna a kan masu jin Hausa kaɗan ne ƙwarai. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da ɗalibinmu zai ɗauki ƙaramin gwajinsa da muhimmanci.

Yawa kuwa, mutum 10 a kowane rukuni wasa ne. Bisa lissafin Jacob Cohen, in tasirin matsakaici ne, kana bukatar mutum 64 a kowane rukuni kafin ka samu damar kashi 80 cikin 100 ta gano shi. Manhajar G*Power kyauta ce, tana yin wannan lissafin. In 30-30 ka iya samu, ka yi, amma ka san cewa rashin ganin bambanci a wajenka ba hujjar babu shi ba ce.

Mataki na 7: Tsare gwajin daga kanka

A Balin ta Jamus an yi wani doki, Hans, da ake cewa ya iya lissafi, yana buga kofato har adadin amsa. A 1907 Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin yana karanta jikin mai tambaya ne: in an kusa amsa sai mutumin ya ɗan motsa kai bai sani ba. In mai tambayar bai san amsar ba, doki ya ɓace. A 1963 Robert Rosenthal da Kermit Fode suka ba ɗalibai ɓeraye iri ɗaya, suka ce wa wasu nasu masu basira ne, wasu kuma dakikai. Ɓerayen "masu basira" suka fi koyon hanya.

Kai ma kana son hasashenka ya fito, kuma jikinka zai nuna. Don haka ka rubuta umarnin kalma da kalma, ka ɗauke shi a waya ka kunna wa kowane rukuni, ko ka ba wani da bai san hasashenka ba ya karanta. Takardun amsa su ɗauki lamba kawai, wanda zai duba su kada ya san daga wane rukuni suka fito. Su ma mahalarta kada a ce musu "muna so mu ga ko ƙara za ta hana ku", domin wani zai dage don ya ƙaryata ka, wani zai saki jiki don ya faranta maka. Ka ce gwajin tunawa ne a yanayi dabam-dabam, wanda gaskiya ne, cikakken bayani kuma ya biyo bayan an gama. Ka roƙi rukunin farko kada su tsegunta wa na biyu kalmomin. Mafi aminci shi ne kada su haɗu kafin a kammala.

Mataki na 8: Izini, tun kafin ka taɓa kowa

Mutanenmu suna da dalilin ɗari-ɗari da mai bincike. Ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya kan batun yardar iyaye, wadda aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. A saikoloji ma, gwajin Stanley Milgram da ya fara a 1961, inda mutum 26 cikin 40 suka danna makunnin wutar lantarki har bolt 450 suna zaton wani suke azabtarwa, yana cikin abin da ya sa aka tsaurara dokoki. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa tun 2007, jami'o'i kuma suna da kwamitocin duba tsari. Ka kai musu naka kafin ka fara.

A aikace: wasiƙa daga sashenku zuwa shugaban makarantar. In a cikin unguwa ne, a gaida Sarkin Hausawa ko limamin wurin a yi masa bayani, amma yardarsa ba ta maye gurbin ta mutum ɗaya-ɗaya. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da sa hannun mahaifi ko mai riƙo, shi ma yaron a tambaye shi. Takardar yarda ta kasance da Hausa mai sauƙi, a karanta wa wanda ba ya boko. A faɗa cewa kowa na iya tashi ya fita ba tare da wani ya ji haushi ba, kuma makin ba zai je wa malami ba.

Mataki na 9: Gwajin ɗanɗano

Ka gwada tsarin a kan mutum biyar ko shida waɗanda ba za su shiga na ainihi ba. In kusan kowa ya ci 19 ko 20, jerin ya yi sauƙi, babu inda bambanci zai fito. In kowa 2 ko 3 yake samu, ya yi tsauri. Ka gyara har matsakaicin ya zauna wajen tsakiya.

Mataki na 10: Lissafi, da abin da za ka iya faɗa

Kafin ka ga maki ko ɗaya, ka rubuta a takarda mai kwanan wata: mutum nawa za ka gwada, wa za a cire kuma don me, wane lissafi za ka yi. Ka ba malamin da ke duba aikinka kwafi. Rukuni biyu dabam-dabam da maki na lamba, lissafin da ake kira gwajin t na rukunoni masu zaman kansu ne, mai kwatanta matsakaicin makinsu. In kowa ya yi duka biyun, gwajin t na bibbiyu. Rukuni huɗun can kuwa ANOVA, lissafin kwatanta rukunoni fiye da biyu. In kuɗin manhajar lissafi ta SPSS ya gagara, JASP da jamovi kyauta ne.

Fara da matsakaicin kowane rukuni da yadda makin ya bazu, sannan ka duba lambar p da lissafin zai fitar. Ma'anarta: da a ce ƙara ba ta da wani tasiri, sau nawa ƙuri'a kaɗai za ta fitar da tazara irin wannan ko wadda ta fi ta? In ƙasa da 0.05 ce, wato ƙasa da sau 5 cikin 100, al'adar fannin ita ce a yi watsi da hasashen "babu bambanci". Ba ta cewa hasashenka gaskiya ne kashi 95, ba ta kuma faɗin girman tasirin. Tazarar rabin kalma da tazarar kalmomi biyar duk suna iya ba da p ƙarama, don haka ka faɗi tazarar kanta.

In p ta ƙi sauka, jarabar ita ce a cire mutum uku "da ba su mai da hankali ba", ko a ƙaro wasu goma a sake dubawa, ko a raba maza da mata har wani abu ya fito. Irin wannan ne ya jefa fannin cikin kunya. A 2015 masu bincike 270 sun maimaita nazarce-nazarce 100 da aka buga a manyan mujallu; 97 daga cikin na asali sun ba da rahoton sakamako mai ƙarfi, amma kashi 36 cikin 100 ne kawai na maimaicin suka samu haka. Gwajin masu nutso ɗin nan ma an maimaita shi a 2021 ba a samu abin da aka samu a 1975 ba. Sakamakon "ban ga bambanci ba" daga tsari mai tsabta furojet ne cikakke, kuma malamin da ya san aikinsa zai ba shi maki.

A babi na biyar ka tsaya iya abin da ka gwada: ɗaliban aji biyu na babbar sakandare, a makaranta ɗaya, 'yan mintuna na ƙara, jerin kalmomi. Ba ka gwada shekara goma ta kwana kusa da janareton maƙwabci ba, ba ka gwada haddar sura ba, ba ka gwada dattawa ba. Mai son ɗaukar tambayar zuwa digiri na biyu yana da filin da Bronzaft ta samu: jirgin ƙasa na Red Line da ya fara aiki a 2024 yana ratsa Agege, Ikeja, Oshodi da Mushin, ga kuma na Ibadan a kan hanya ɗaya. Sai ya nemi makarantar da ke da azuzuwa a ɓangaren layin da wasu a ɗaya ɓangaren, ya auna desibel a kowanne a ranakun karatu, ya fara binciko yadda makarantar ke raba yara azuzuwa, domin in masu ƙoƙari ake kaiwa ɓangaren shiru, ɗan kutse ya riga shi shiga.